Nama a Yanke, a Aune, a Ƙulle: Yadda Mahaucin Birni Zai Fara

Fawa gado ce a gidanmu. Mahaifina a kan tebur ya tsufa, yana kasa nama kashi-kashi, mai saye ya taya, a ja ciniki, a sallama, a ɗora masa gyara. Ni kuwa shago gare ni a Kano, da firiza da sikeli, kuma yawancin naman da ke barin hannuna a leda yake fita, an yanka shi, an auna, an rubuta nauyi da farashi a jiki. Matasan mahauta suna yawan tambayata yadda ake shiga wannan harka. Wasu masu tambayar ma ba rundawa ba ne, matan aure ne masu firiza a gida da ke son juya 'yan kuɗinsu. Abin da nake gaya musu shi ne zan faɗa a nan.

Da farko ka san wa zai saya. Ma'aikaciyar asibiti ko malamar makaranta da ke tashi aiki bayan La'asar ba ta da lokacin kutsawa kasuwa ta tsaya a daddatsa mata ƙashi. Amarya da ango su biyu rak ba sa buƙatar kashin naman da ya fi ƙarfin tukunyarsu. Mai gidan abinci tana son ta san yanka nawa za ta samu a kilo, don da shi take lissafin faranti. Ga kuma tsada: da nama ya yi kuɗi, mutane suka daina yarda da awon ido, kowa yana son ya san abin da dubunsa ta sayo. Lokacin da Shoprite ta buɗe a Ado Bayero Mall a 2014, Kanawa da yawa a nan suka fara ganin nama jere cikin sanyi, kowane ƙunshi da nauyinsa da farashinsa. Kantin ya rufe a farkon 2024, amma idon da ya saba ganin nama a haka bai manta ba. Yanzu Hajiya daga Nasarawa ko Hotoro ko Zoo Road saƙo za ta turo ta WhatsApp: "Malam, kilo biyu irin na rannan." Duk sana'ar tana cikin wannan "irin na rannan". Ledar da ka ba ta yau sai ta zama daidai da ta makon jiya, a nauyi, da girman yanka, da yawan ƙashi, da sanyi. Idan ba za ka iya riƙe wannan ba, teburin kasuwa ya fi maka rufin asiri, kuma ba abin kunya ba ne.

Inda za ka samo naman

Kada ka fara da sayen sa a tsaye. Na san daɗin zuwa Wudil ran Juma'a ko Maigatari ran Alhamis, mutum ya zagaya kara, ya taɓa tozo, ya ji shi ma ya isa. Amma sa a tsaye caca ce ga wanda idonsa bai goge ba. Abin da zai rage bayan an fiɗe, an cire kai da ƙafa da fata da kayan ciki, kusan rabin nauyin dabbar ne, wani lokaci ma ba ya kai wa idan ta rame, musamman a ƙarshen rani da kiwo ya yi wuya. Sannan ga ka da sassan da ba ka da masu sayensu tukuna. Ka je abbatuwa da asuba, ka ƙulla da dila guda mai amana, ka riƙa ɗaukar cinya ko karfata gwargwadon abin da za ka iya sayarwa. In kai baƙo ne a wurin, ka fara gaida Sarkin Fawa, ka gabatar da kanka. Wannan gaisuwa tana buɗe ƙofofin da kuɗi ba sa buɗewa.

Dalilina na cewa abbatuwa ba wai don sauƙi kaɗai ba ne. A can akwai likitan dabbobi da ke duba dabba kafin yanka da bayansa. Shi ne zai ga ƙurajen tarin fuka a huhu, ya ga tsutsa a hanta, ya ce a zubar. A 2023 an tabbatar da ɓullar cutar Anthrax a wata gona da ke Suleja ta jihar Neja, cutar da ke kama mutum ta hanyar taɓa ko cin naman dabbar da ta kamu. Don haka duk arahar naman da aka kawo maka daga bayan gari, aka ce "ta faɗi ne aka yi sauri aka yanka", ka bar shi. A kan tebur mai saye yana ganin nama da idonsa, ya juya shi, ya sansana. A leda kuwa kai ne idonsa, kai ne hancinsa.

Kaji ma haka. Ka nemi mai gidan gona guda, ka tambaye shi yaushe ya ba su magani na ƙarshe, domin yawancin magungunan kaji akwai kwanakin da aka rubuta a jikinsu da za a jira kafin a yanka. Kazar gidan gona mai kilo 2 a raye, bayan an fige an cire kayan ciki da kai da ƙafa, takan dawo wajen kilo 1.4. Ka sa a yanka a gabanka ko gaban wanda ka yarda da shi, da bisimilla, ɗaya bayan ɗaya. Masu saye za su tambaye ka wa ya yanka, kuma suna da haƙƙin tambaya.

Kada ka ƙulle nama da zafinsa

Nan ne sababbin shiga suka fi yin asara. Naman da aka yanko da safe yana da ɗumi a cikinsa. Idan ka daddatsa shi nan take ka cusa a leda ka ɗaure, zai yi gumi, jini ya taru a ƙasa, kafin yamma ka ji ya fara canza wari. Idan kuma ka jibga shi da zafinsa cikin firiza, bayan zai daskare, tsakiyar ta daɗe da ɗumi, kuma naman zai yi tauri a tukunya. Yawancin masu cewa naman firiza ba shi da daɗi irin wannan suka taɓa ci.

Abin da ya dace, ka rataye shi ko ka shimfiɗa shi a firji, ba a firiza ba, sanyin ya tsaya tsakanin 0 da 4 a ma'aunin Salshiyos, iska tana ratsa shi, ya kwana. Bayan yanka da wasu sa'o'i nama yakan sandare, daga baya ya saki a hankali. Wanda ya kwana ɗaya ko biyu a irin wannan sanyi ya fi laushi, ya fi daɗin yanka, wuƙa tana bi sumul, gutsuren yana fita da siffa. Zai ɗan rage nauyi saboda ruwan da ya tsane, ka sa wannan a lissafinka. Kayan ciki ba sa cikin wannan magana: hanta da ƙoda da tumbi da hanji a ranar ake gyara su, a ranar ake sanyaya su, kuma a mazubi daban.

Kada ka wanke tsoka kafin ka ƙulle. Ruwa yana saurin lalata nama, yana kuma ƙara masa nauyin da ba nasa ba. Wanda ya jiƙa nama don sikeli ya hau, ya sayar wa mutane ruwa da kuɗin nama, kuma duk wanda ya yi karatun allo ya san abin da Suratul Muɗaffifina ta faɗa a kan masu tauye awo. Idan akwai datti ko gashi, ka kankare da wuƙa. Tumbi da hanji su ne ake wankewa sosai, a bar su su tsane a kwando kafin awo.

Yanka

Uwargida ba ta tunani da giram. Da yanka take tunani: maigida uku, yara ɗaiɗai, a ajiye wa baƙo biyu. Saboda haka ka tsai da adadin yanka a kowane kilo ka riƙe shi. Ni a naman miya nakan yi gutsure mai giram 40 zuwa 50, kilo ya ba da yanka ashirin zuwa ashirin da biyar. Masu gidan abinci sukan so ƙanana, sai mu yi magana da kowace tun farko, in rubuta a littafi, yarana su riƙa bin abin da aka rubuta ko ba na nan. Ka yanka gutsure guda na misali, ka ajiye a gefen katako, duk mai riƙe da wuƙa ya riƙa kallonsa. Ka riƙa yanka a gicciye, wato ka datse zaren tsokar, kada ka bi tsawonsa. Wanda aka bi tsawonsa shi ne ke maƙale wa mutum a haƙori.

Ba sai ka yi kala ashirin ba. Tsoka zalla daga cinya, an cire jijiya da tantani, don soyawa da dambun nama. Haɗin miya, wanda shi ne ya fi tafiya. Awaza da ƙashi mai ɓargo don farfesu da miyar kuka. Kayan ciki a haɗe, hanta kuma ita kaɗai. Niƙaƙƙe. Tozo ka ware shi, yana da masoyansa kuma ba sa jayayya a kan kuɗinsa. Bindi da harshe da ƙafar sa su ma haka, idan ka fara samunsu.

Haɗin miya ya fi komai buƙatar ƙa'ida, don a nan ne zuciya take raya wa mutum ya tura ƙashi. Nawa tsarin shi ne kashi bakwai tsoka, biyu ƙashi, ɗaya kitse. Kai kana iya zaɓar naka, amma ka faɗa wa mai saye, kuma ka auna kowane ɓangare daban kafin ka haɗa. Kada ka jera tsoka a fuskar leda ka ɓoye ƙashi a baya. Sau ɗaya za a yi wa mace haka.

Game da ƙashi, gatari yana farfasa shi, ɓurɓushi ya shiga miya, yaro ya tauna ya ji ciwo. Kafin ka samu kuɗin injin zarto, ka sayi zarton hannu na nama. Aikin yana da ɗan nawa, amma ƙashin yana fita a gyare, kuma wannan kaɗai yana bambanta ledarka da ta kasuwa.

Niƙaƙƙen nama shi ne ya fi saurin lalacewa, saboda niƙa tana yaɗa duk ƙwayar cutar da ke bayan nama zuwa cikinsa. A firji kwana ɗaya zuwa biyu ne iyakarsa, alhali tsoka dunƙulalliya tana kai uku zuwa biyar. Ka niƙa da sanyinsa, ka ƙulle nan take, ka kwance injin ka wanke da ruwan zafi da sabulu kullum. Kuma kada ka mai da shi juji. Ina jin takaici in na ga an tattara jijiya da kitsen da ya kwana an niƙa an kira shi nama. Da azumi mata suna neman sa sosai don sambusa, ka ba su abin da kai ma za ka yi buɗa-baki da shi.

Kaza kuwa a yanka ta takwas ko goma, a bi gaɓa, kada a sare ƙashi a tsakiya. Katakonta daban, wuƙarta daban, domin ɗanyar kaza takan ɗauki ƙwayar cutar da ke sa gudawa da zazzaɓi. Ka sayi katakon roba masu launi biyu ko uku don kada yaro ya rikice. Gungumen icce yana shan jini, ba ya wankuwa yadda ya kamata.

Lissafin da ba a tsallakewa

Mai tebur yana sayar da komai a haɗe, ƙashi ya bi tsoka su tafi tare. Kai da ka rarrabe, dole tsoka ta ɗauki nauyin abin da aka cire mata. Ga misali, kuma alƙaluman na misali ne kawai, ka sa farashin ranar da kake karantawa. A ce ka ɗauki cinya mai kilo 40 a kan naira 5,000 kowane kilo, ka biya 200,000. Ka gyara, ka samu tsoka zalla kilo 27, ƙashi 8, kitse da jijiya 4, kilo guda ya tafi a tsanewa da ɓarin wuƙa. Ƙashin ka sayar 1,500 kilo, ya kawo 12,000. Kitse da jijiya 2,000 kilo, sun kawo 8,000. Saura 180,000 a kan tsoka kilo 27, wato kowane kilo ya tsaya maka wajen 6,700, tun ba ka sa kuɗin leda, da man janareta, da haya, da haƙƙin yara, da kuɗin ɗan sahu ba. Wanda ya ce ya sayo 5,000 zai sayar 6,000 ya ci ribar dubu, uwar kuɗinsa yake ci bai sani ba.

Ka yi wannan awo a kan kowace cinya da karfata a watanninka na farko, ka rubuta. A hankali za ka gane dilan da namansa ya fi ba da tsoka, ka gane yaron da hannunsa ke ɓarna. Ka kuma nemo wa ragowar masu saye tun kafin ka yanka: masu tsire da balangu suna son kitse, masu tuwo-tuwo suna son ƙashi.

Sikeli ya zama na lantarki mai nuna giram, fuskarsa tana kallon mai saye. Ka ɗora ledar ko mazubin, ka mai da shi sifiri, sannan ka zuba nama. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, da ita za ka riƙa gwada shi kowace safiya idan ba ka da dutsen awo. Nakan ɗora giram goma ko ashirin a kan kowane kilo, saboda ɗan ruwan da zai fita in ya narke. Gyarar da iyayenmu suke yi ke nan, ta koma cikin leda. Ka yi ƙunshin kwata, da rabi, da kilo guda. Kada ka raina na kwata: ɗalibi a Jami'ar Bayero da gwauro da mai ƙaramin ƙarfi su ne masu sayensa, kuma kullum suke dawowa.

Leda da sanyi

Baƙar leda ba ta abinci ba ce, kuma tana ɓoye abin da ya kamata a gani. Ka yi amfani da fara mai kauri wadda aka yi don abinci. Ka matse iska, ka baje naman ya yi faɗi kafin ka liƙe, domin falalen ƙunshi ya fi saurin daskarewa da saurin narkewa, ya fi kuma daɗin jerawa. Iskar da ta rage a leda ita ke sa bayan nama ya bushe ya yi fari-fari a firiza. In hali ya samu ka sayi ƙaramin injin zuƙe iska. Sai dai ka sanar da masu saye cewa naman sa idan aka zuƙe masa iska yakan yi duhu, da an buɗe ya sha iska zai dawo ja. In ba ka faɗa ba, za a dawo maka da shi a ce tsoho ne.

A jikin kowace leda ka rubuta irin naman, da nauyi, da farashi, da ranar yanka, da lambar wayarka. Ranar yanka ita ce wadda wasu ke gudu, ni kuwa ita ta fi jawo mini amana. Wanda ya riga shiga firiza shi zai riga fita, sabo ya koma ƙasa.

Firiza tana son sanyi ya kai 18 ƙasa da sifiri. Ka sayi ɗan ma'aunin sanyi ka jefa ciki, kada ka dogara da taɓa hannu. A Kano cikin Afrilu zafi yana kai 40, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin tada janareta ya zama babban kaso a lissafin duk mai sana'ar sanyi. Don haka kafin ka sayi firiza ta biyu, ka fara tunanin sola da batir ga ta farko. Firiza mai murfi a sama ta fi riƙe sanyi. Idan cike take kuma ba a buɗe ba, takan riƙe nama kwana ɗaya zuwa biyu babu wuta, da bazara ka ɗauki ƙasa da haka. In akwai fili a ciki, ka cike da robobin ruwa su zama ƙanƙara. Ka ware guda ta ajiya wadda ba a yawan buɗewa, da ƙarama ta ciniki.

Naman da ya narke sarai ya yi ɗumi, kada ka sake daskarar da shi ka sayar a matsayin lafiyayye. Mai saye mai lura yana ganewa: jini ya daskare a kusurwar leda, ƙanƙara ta yi burɗi-burɗi a ciki. Idan wuta ta ci amanarka nama ya saki amma da sauran sanyinsa, ka fitar da shi a ranar ga masu dafawa nan take, ka gaya musu gaskiya, ka rage kuɗi. In ya canza wari, asara ce, ka ɗauke ta. Wajen kai wa gida ma haka: a sa naman cikin kula mai ƙanƙara, ba leda a rataye a hannun babur cikin rana ba.

Hukuma da kanti

Muddin a shagonka kake sayarwa, dubagari na ƙaramar hukuma ne za su riƙa leƙo ka. Ka sa raga a taga, ƙasa ta zama mai wankuwa, ruwa ya wadata, yara su sa riga da hula ta aiki, mai karɓar kuɗi kada ya taɓa nama. Ka yi rajistar sunan kasuwancinka a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, don ka buɗe asusun banki da sunan shago, masu tura kuɗi sun fi sakin jiki da haka. Ranar da ka so ledarka ta hau kantar manyan kantuna da sunanka a jiki, za a tambaye ka lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, su kuma sai sun zo sun ga inda kake aiki. Shawarata kada ka yi gaggawar zuwa can. Manyan kantuna ba kasafai suke biya nan take ba, mahauci kuwa kullum da tsabar kuɗi yake zuwa abbatuwa. Gida talatin da ke saye duk mako suna biya a hannu sun fi wa mai farawa amfani.

Ka kuma san shekararka. Azumi da ƙaramar Salla ciniki yana tashi, kaji da niƙaƙƙe su fi tafiya, ka tanadi leda da ƙanƙara tun Sha'aban. Bayan babbar Salla kuwa kasuwa takan mutu na wasu makonni, kowane gida da naman layya. Kada ka cika firiza gab da lokacin. Abin da nake yi a ranakun shi ne aikin gyara: mutum ya yanka ragonsa ko sansa a gida, a fiɗe, ya kawo mini, mu daddatsa, mu ware na sadaka da na kyauta da na ajiya, mu ƙulle rabin kilo rabin kilo, a rubuta sunan gidan a jiki don kada na wani ya shiga na wani. Kuɗin aiki nake karɓa a kan kowace dabba, ana yin magana tun kafin wuƙa ta taɓa nama, kuma ana rubuta suna tun saura mako guda, don firji ba ya ɗaukar na kowa a rana ɗaya.